Jikan Makalista

A Bukur, kusa da Jos, in ka ce gidan Alhaji Ɗahiru kake nema, za a tambaye ka wanne, don Ɗahirun garin da yawa. Amma in ka ce gidan Makalista, ko ɗan acaɓan da ya sauka garin jiya zai kai ka har ƙofa. Shi Makalistan wani Bature ne ɗan ƙasar Sikotilan, da ya yi zama a garin zamanin haƙar kuza yana kula da injinan ramuka. Yadda aka yi sunan Bature ya manne wa gidan Hausawa, babu wanda ya taɓa damuwa ya tambaya. Mai gidan dai ya daɗe da yanke hukunci shi kaɗai: Makalista kakansa ne na jini, shi ya haifi babansa, marigayi Mamman. Tanko kuwa, mijin kakarsa Inna Dije da duk gari ya san ta da shi, a wurin Alhaji mariƙi ne kawai, ya riƙe ɗan wani da amana, Allah ya saka masa da alheri.

Kada ka zaci fari ne. Ina! Alhaji baƙi ne sitik, irin baƙin nan mai sheƙi. Sai dai yana da hujjojinsa, kuma ba ya gajiya da kawo su. Sanyin Jos da ke sa ƙarti ƙudundunewa, shi da 'yar shara yake fita cikinsa, ko da haƙoransa na kaɗawa. Koko kuwa ya daina sa masa sukari tun ranar da ya ji an ce mutanen can da gishiri suke shan kununsu. Akwai wani tsohon bargo mai gida-gida, ja da kore, da aka gada a gidan, ko mai zazzaɓi ba a yarda ya lulluɓa da shi. Ga kuma wasu 'yan silin gashi jajaye a gefen gemunsa, da yake nuna wa baƙi in an fito haske. Matarsa Hajiya Tabawa ta ce goro ne. Ya ce ita dama tun tana amarya ba ta son ci gabansa.

Duk wannan da ba zai dami kowa ba, kowa da irin tasa. To sai ɗansa na fari, Nafi'u, ya ga yarinya a Zariya wajen karatu, sunanta Zulaihatu, 'yar gidan malamai ce a cikin ganuwa. Ka san irin gidajen nan, ba ruwansu da motarka ko albashinka, asali suke tambaya. Ga shi kuma akwai wani ɗan uwanta da ke jira a gefe, in maganar Nafi'u ta sami tangarɗa a miƙa masa. Yaron nan son yarinyar yake kamar ransa, har ramewa ya yi.

A al'ada uba ba ya zuwa nema wa ɗansa aure, 'yan uwansa yake turawa. Alhaji ya ce ƙannensa ba su san tarihi ba, da shi za a je. Aka zauna a zaure, aka gaisa, aka gabatar da abin da ya kawo su. Waliyyin yarinyar, baffanta Malam Haladu, wani siririn tsoho ne mai magana a hankali kamar yana auna ta. Ya ce, "Na ji ana kiran gidanku da wani suna da bakina bai iya ba."

Ai kuwa kamar an sosa wa Alhaji inda yake masa ƙaiƙayi. Ya gyara zama, ya kwashe labarin Makalista tun daga jirgin ruwa har bargo. Ƙannensa sai kallon tabarma suke. Malam Haladu ya saurara har ƙarshe bai katse shi ba, sannan ya ce, "To, madalla. Ku ba mu lokaci mu yi bincike, kamar yadda aka saba."

Kowa ya san wannan magana ce ta kullum, ko ɗan sarki aka kawo haka za a faɗa. Alhaji shi ji ya yi kamar an ƙaryata shi a bainar jama'a. Tun a mota yake huci. "Bincike? Ni zan kawo musu binciken har gida, da hatimi!"

Da suka dawo, Hajiya Tabawa ta same shi yana haɗa jaka zai tafi Kaduna, gidan da ake adana tsofaffin takardun zamanin Turawa. Ta ce, "Alhaji, don girman Allah a bar kaza cikin gashinta. Yaron nan ko abinci ba ya ci. In ka ɓata masa wannan magana, ba zai yafe mana ba."

"Gyara masa zan yi. Gida nawa ne a Zariya ke da kaka a Sikotilan?"

"To ka tsaya ka yi tunani mana, in har Baturen ne ya haifi Baba..."

"Tabawa, harkar tarihi ce wannan, ba harkar daka ba."

Ta ƙyale shi, ta sa masa dambun nama a jakar.

A Kaduna aka haɗa shi da wani ma'aikaci mai haƙuri, mai tabarau a ƙarshen hanci. Suka yi ta buɗe fayil-fayil masu warin daɗewa, Alhaji na atishawa yana cewa a ci gaba. Takardun kamfanonin kuza, takardun masu neman izinin haƙa, takardun Turawan da suka yi jinya, har da na wani da ya kai ƙara don akuya ta cinye masa furanni. Kullum sai an tashi aiki ake lallaɓa shi ya tafi masauki. Ana nan, ran nan da hantsi, ma'aikacin ya ce, "Alhaji, ga mutuminka."

Ga shi kuwa ɓaro-ɓaro. Angas Makalista, injiniya, mutumin birnin Gilasgo a Sikotilan. Ga shekarar da ya iso Bukur, ga shekarar da ya koma. Alhaji ya lissafa da yatsu, ya ga haihuwar babansa ta faɗo daidai tsakiya. Ya ce, "Allahu akbar!" da ƙarfi, har wani ɗalibi da ke gyangyaɗi a kan littafi ya zabura.

Ma'aikacin ya bi layin da yatsa. "Sai dai ka ga nan an rubuta yana da mata a can Gilasgo, da 'ya'ya mata. Wurinsu yake zuwa hutu."

"To sai me? Namiji ai mijin mace huɗu ne."

"Su fa ɗaya suke yi, Alhaji."

"A can. Nan kuma Bukur ce."

"Kuma ban ga inda aka rubuta ya yi aure a nan ba."

"Kai dai buga mini hatimi. Ba wa'azi na zo ji ba."

A bayan fayil ɗin akwai hoto. Makalista ne zaune a kujera, jajir da shi, da gashin baki, sanye da wani zane mai gida-gida iya gwiwa, ƙwaurinsa a waje. Alhaji ya ɗan yi jim da ya ga zanen, amma da aka ce masa kayan manyansu ne na biki sai ya saki rai. A bayan kujerar kuma wani dogon baƙin mutum ne tsaye riƙe da faranti, mai faɗin goshi, mai wushirya, kunnuwansa a bubbuɗe.

Ma'aikacin ya dubi hoton, ya ɗago ya dubi goshin Alhaji da kunnuwansa, ya sake duban hoton. Ya ce, "Gaskiya akwai kama. Kamar an tsaga kara."

"Ka gani ko!" in ji Alhaji, har da ƙwallarsa. Bai lura cewa mai farantin ma'aikacin yake nunawa da yatsa ba, shi kuma ma'aikacin bai ga dalilin ɓata wa dattijo rana ba. Aka yi kwafin komai, aka buga hatimi a kowane shafi.

Daga nan ko gida bai koma ba. Ya buga wa Nafi'u da ƙaninsa ɗaya waya su same shi a Zariya. Nafi'u ya iso fuska duk ta faɗa, ya ce, "Baba, da mun jira sun kira mu."

"Mai gaskiya ba ya jira a kira shi. Kai dai zauna a mota ka yi ta addu'a, yau za ka san ɗan wa kake."

Bayan la'asar aka sake zama a zauren nan. Malam Haladu na tsakiya, dattawan gidan na gefe da carbinsu. Alhaji ya zare takardu daga jaka ya jera su a kan buzu ɗaya bayan ɗaya, yana karantawa yana fassarawa. Ya nuna shekarun, ya nuna hatimin, ya ce duk mai shakka ya shafa ya ji tudunsa. Ya rufe da cewa, "Saboda haka, Malam, maganar asali ta ƙare. Ga shi a rubuce. Babana ɗan Makalista ne."

Wani dattijo ya yi tari. Malam Haladu ya ɗauki takarda ɗaya, ya riƙe ta nesa da ido, ya mayar inda take a hankali.

"Sannu da ƙoƙari, Alhaji. An sha hanya."

"Ai neman gaskiya ba ya nisa."

"Haka ne. To wane limami ya ɗaura?"

"Ya ɗaura me?"

"Auren. Na Inna Dije da shi Baturen."

Alhaji ya duba takardun kamar limamin na ɓoye a cikinsu.

"Ko waliyyinta," in ji Malam Haladu. "Ko shaidu. Ko sadaki ma, in an rubuta. Mu ba mu da tsanani."

"To, ai... zamanin ne, Malam. Ka san Turawa ba su cika..."

"Na sani. Kuma ka ce a lokacin tana gidan Tanko?"

Nan fa gumi ya karyo wa mutumin da sanyin Jos ba ya kamawa. Shekara da shekaru yana ba da labarin nan a majalisa, a wurin suna, a wurin ta'aziyya, bai taɓa bin sa har ƙarshe ya ga inda ya dosa ba sai yau, a gaban surukai. Ƙaninsa ya sunkuyar da kai yana salati ƙasa-ƙasa. Tsoro ya kama Alhaji sosai, ya tuna ɗansa na can cikin mota yana jira.

Malam Haladu ya ja carbi, ya ci gaba da muryarsa ta kullum. "Bayan tafiyarku mun tura mutum Bukur. Ya zauna da tsofaffin unguwarku. Suka ce Tanko kukun Makalista ne, shi yake dafa masa abinci har ya bar ƙasar. A zamanin nan kuwa yaron Bature da sunan maigidansa ake kiransa, shi da gidansa duka, yadda ake kiran yaron mota da sunan direba. Suka ce mutumin kirki ne, yana tashi daga murhun Bature ya je ya kira salla. Ya auri Dije da sadakinsa, aka haifi Mamman a ɗakinta, aka yanka rago. Bargon ma sun sani, na sallama ne da Baturen ya ba shi da zai tafi. Muka ce alhamdu lillahi, gidan mutunci ne. Tun makon jiya muka yanke mu ba jinin Tanko 'yarmu, kuma muna nan a kan bakanmu, in dai jinin Tankon ne ya zo nema."

Alhaji ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Ya fara tattara takardu yana turawa cikin jaka, ciki da bai. Da mai hankali ne, da ya yi godiya ya nemi takalminsa. Amma ka san hali. Ya tsaya da takarda ta ƙarshe a hannu, ya shafa hatimin, abin ya tsaya masa a rai.

"Na gode, Malam, Allah ya saka. Sai dai ni ma fa ba laifi na yi ba. Kun ce za ku yi bincike, ni ma binciken na je yi."

Malam Haladu ya gyaɗa kai. "Ba mu ce ka yi laifi ba, Alhaji. Mu dai mun bincika mun same ku 'yan halak. Kai ne hukuncin bai yi wa daɗi ba, ka tafi Kaduna ɗaukaka ƙara."