Ƙwallon Uwar Ƙungiya

A wani daji da ke gefen wani babban kogi, an yi wani Tunku da wasa ya shiga ransa har ya mantar da shi aure. Kuroke ake ce wa wasan, tsuntsaye masu yawon duniya ne suka kawo shi. Fili ake samu shimfiɗaɗɗe mai gajeriyar ciyawa, a kakkafa ƙananan ƙofofi na lanƙwasasshen gora, a kafa turke a tsakiya. Kowane ɗan wasa da ƙwallonsa na goruba da gudumarsa ta icce mai doguwar ƙota. Sai ka riƙa bi da ƙwallonka ta ƙofofin nan ɗaya bayan ɗaya, wanda ya riga taɓa turke shi ya ci. Amma ba a nan daɗin wasan yake ba. Daɗinsa shi ne in ƙwallonka ya daki na abokin karawarka, to ka samu damar kore masa nasa can bakin jeji, ya je ya yi ta nema, kai kuwa ka ci gaba da harkarka.

Tunku ya iya wasan nan matuƙa, sai dai shi kaɗai yake yin abinsa a bayan raminsa, yana korar ƙwallon da ba na kowa ba. Burinsa a duniya ɗaya ne, ya kara da Shamuwa, gwanar da ke riƙe da kofin duniya, wadda aka ce ba a taɓa cin galaba a kanta ba.

Ranar da labari ya iso cewa dajinsu aka ba gasar duniya ta bana, Tunku bai san lokacin da ya yi tsalle ya faɗa cikin ƙaya ba. Shi ne sakataren ƙungiyar wasan, don haka tsara gasa a wuyansa yake. Kafin damina ta raba tsakiya, baƙi sun fara sauka daga hamada da bakin teku da kan duwatsu, kowa rataye da gudumarsa. Daji ya ɗauki harama, ko'ina ka juya maganar ke nan, har 'yan birai sun bar satar gyaɗa sun koma sharar fili.

Aka kira taron tsara gasa a gindin tsamiya. Ɓauna, shugaban ƙungiya, ya miƙe ya gyara murya. Ɓauna bai taɓa riƙe guduma ba, amma in ana maganar jawabi ba a kai shi.

"Jama'a," in ji shi, "duniya ta zo mana har gida. Idon kowa a kanmu yake. Ina so idan baƙin nan suka koma, su ce sun je dajin da aka san girman manya, aka san haƙƙin baƙo, kuma aka san wasa. A haka na jera su, a haka nake so su tsaya. Sakatare, bismilla."

Tunku ya share ƙasa da bindinsa, ya zube tsakuwa, kowace tsakuwa ɗan wasa guda.

"Ranka ya daɗe, abin mai sauƙi ne. Sili-ɗaya-ƙwale za mu yi, bibbiyu ake karawa, wanda aka ci ya koma cikin 'yan kallo, har a rage biyu. Ga wasan farko, Gwankinmu da Mariri na hamada."

Bai rufe baki ba sai ga Beguwa ta karkaɗe ƙayoyinta. Beguwa tsohuwa ce da ta san wanda ya auri wa, da wanda ya goyi wa, tun daga bakin kogi har ƙarshen hamada, kuma ba ta taɓa barin sanin nan ya yi tsatsa ba.

"Kai Tunku, kana da hankali kuwa? Gwanki 'yar Mariri yake aure! Mutumin da ko sunansa ba ya iya faɗa, wanda in ya hango shi a hanya sai ya ratse ya bi ta ƙaya, shi za ka sa ya kore masa ƙwallo a bainar jama'a? To da wane ido zai shiga gida?"

Gwanki, wanda ya kwana biyu yana wasa gudumarsa, ya sunkuyar da kai ya ce gaskiya Gwaggo ta faɗa.

Tunku ya ce ba komai, ya sauya tsakuwa. Ya haɗa Dorina da Kada na bakin teku, Beguwa ta ce ai a gidan Dorina Kada ya sauka, yaushe mai masauki zai kori ƙwallon baƙonsa? Ya haɗa Biri da Gwaggon Biri, ta ce malaminsa ne, shi ya koya masa riƙon guduma. Ya haɗa Zomo da wani ƙanen Ɓauna, Zomo da kansa ya ce shi kam a gidan nan yake cin abinci. Da ƙyar Tunku ya lalubo wasu biyu da ba kunya a tsakaninsu ko kaɗan, Jimina da Mugun Dawa, sai aka ce ai waɗannan ba sa ga maciji, in aka ba su guduma ba ƙwallo za su buga ba.

"To mu kasa su rukuni-rukuni," in ji Tunku, "kowa ya kara da kowa a rukuninsa."

"Wato maimakon suruki ɗaya, a tara wa mutum uku," in ji Beguwa.

Haka aka yi ta zama ana tashi. Ruwa ya fara ja baya, ciyawar fili ta fara tunanin bushewa. Shamuwa, wadda ta yi sheƙarta a kan wata kuka ita kaɗai, ta aiko cewa ita fa da ruwan ƙarshe take tashi, ko an yi wasa ko ba a yi ba. Hankalin Tunku ya tashi ƙwarai, har ya rame.

Ɓauna ne ya warware matsalar, ko kuwa ya ce ya warware.

"Na yi nazari," in ji shi. "Ba wasan ne matsala ba, korar ƙwallon nan ita ce. Saboda haka duk biyun da ke da kunya tsakaninsu, su yi wasansu, amma kada ƙwallo ya taɓa ƙwallo. Sunansa wasan zumunci. Wasan ƙarshe kuwa, wanda za a ba da kofi a kansa, a nemo biyun da ba abin da ya haɗa su, su yi korarsu yadda suka ga dama."

Aka tafa. Beguwa ta bi tsakuwar nan ɗaya bayan ɗaya tana gunaguni, tana ture duk wadda ta samu da suruki ko baƙo ko ubangida. Da ta gama, biyu suka rage. Shamuwa ba ta sauka gidan kowa ba, kuma danginta duk a sama suke. Tunku kuwa gwauro ne, ba shi da suruki, raminsa bai isa ya sauki baƙo ba. Beguwa ta juya tsakuwarsa ta sake juyawa.

"Ashe dai gwauranci ma yana da ranarsa," in ji ta.

Tunku ya fita daga taron nan ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa.

Aka yi wasannin zumunci, kuma an yi zumunci ba ƙarya. Gwanki ya ce wa Mariri, "Baba, ka fara." Mariri ya ce, "A'a, yaro, kai ne mai gida." Sai da rana ta take kafin wani ya buga. Duk lokacin da ƙwallon ƙarami ya kusa wuce na babba, sai hannunsa ya goce da ikon Allah. 'Yan kallo suka yi hamma har haƙarƙarinsu ya yi ciwo, amma ba wanda ya tafi gida, kowa yana jiran wasan ƙarshe.

Ranar kuwa, ba masaka tsinke. Birai sun cika rassa, Raƙumin Dawa ya ba da aron wuyansa ga 'yan kurege. Tunku ya shigo da gudumarsa a kafaɗa. Shamuwa ta sauko daga kuka a hankali, ta ɗauki tata gudumar da baki, ta gaishe shi da kai. Ana shirin bugun farko sai Ɓauna ya ga taron da bai taɓa gani ba, jawabi ya taso masa.

"Jama'a, ku dubi baƙuwar nan! Ta ƙetare hamada, ta ƙetare teku, ta zaɓi dajinmu. Mu da muka san haƙƙin baƙo, za mu bari ta koma haka hannu rabbana? Ina! A madadin ƙungiya, daga yau na naɗa Shamuwa uwar ƙungiyarmu. Uwa ce gare ni, uwa ce ga kowane ɗan wasa a dajin nan!"

Guɗa ta tashi, aka rataya mata furanni a wuya. Tunku ma yana cikin tafi sai ya ji ƙaya ta ɗan soke shi a gefe. Beguwa ce ta matso.

"Ka dai ji da kunnenka. Yanzu ɗa kake a wurinta. Ita in ta kori naka, tarbiyya ce. Kai kuwa ka kiyayi ƙwallonta."

Tunku ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi. Abin da ya yi shekaru yana jira ke nan aka ɗauke masa da jawabi guda, kuma har da tafinsa a ciki.

Aka fara. Shamuwa ta kore masa ƙwallo har gindin tsamiya, aka yi tafi. Ya dawo da shi da ƙyar, ya ratsa ƙofa, ya ratsa wata, ta sake aika shi bakin ruwa. Shi kuwa duk sanda ya zo kusa da nata sai ya kewaye, yana haɗiye baƙin ciki. Duk da haka ya bi ta ƙafa da ƙafa, har suka iso ƙofar ƙarshe tare. A nan ƙwallon Shamuwa ya tsaya daidai bakin ƙofa, ya tare hanya, nasa kuma yana bayansa, kuma bugunsa ne. Ba hanyar kewaye.

Tunku ya dubi Ɓauna, ya dubi Beguwa, ya sauke gudumarsa zai buga gefe. Sai Shamuwa ta ajiye tata ta sunkuyo, ta yi magana yadda shi kaɗai zai ji.

"Ɗana, tunda an ce kai ɗana ne, bari in gaya maka wani abu. Duk dajin da na je, kafin a fara wasa an naɗa ni uwa. Na manta rabon da wani ya kore mini ƙwallo. Ana ce mini gwana, ni kuwa wallahi ban sani ba ko har yanzu na iya wasan. Na gaji da ladabi."

Tunku ya ɗaga guduma.

Ƙwas!

Ƙwallon uwar ƙungiya ya tashi ya tsallake fili, ya bi ta tsakanin ƙafafun Ɓauna, ya nutse a cikin ciyawa. Ihun da ya tashi sai da tsuntsaye suka watse daga kan kuka. Birai suka riƙa faɗowa daga rassa. Gwanki ya rungume wanda ke kusa da shi yana tsalle, sai da ya buɗe ido ya ga Mariri ne, shi ma Maririn bai sake shi ba. Shamuwa kuwa dariya take har furannin wuyanta na zuba, ta ruga neman ƙwallonta kamar 'yar yarinya.

Daga nan aka yi wasa na gaske. Ta dawo ta kori nasa, ya kori nata, ta rama, ya rama. Ba wanda ya zauna. Da rana ta karkata, ƙwallon Tunku ya gangara a hankali ya taɓa turke, nata yana biye da shi bai kai taku ɗaya ba. Tunku ya zube a kan ciyawa yana kuka, shi kansa bai san na mene ne ba.

Washegari ƙungiya ta zauna. Aka samu Tunku da laifin rashin kunya ga mahaifiya, aka cire shi daga sakatare, aka hana shi taka filin ƙungiya har abada. Kofi kuma aka miƙa wa Shamuwa, bisa hujjar cewa abin da ɗa ya samo ai na gida ne. Ta karɓa. Da ruwan ƙarshe ya sauka, ta biya ta bakin ramin Tunku kafin ta tashi.

"Ka cinye ni," in ji ta. "Ban ji daɗi ba ko kaɗan, kuma na gode. Kada ka bari hannunka ya yi sanyi."

Don kada irin wannan abin kunya ya sake faruwa, ƙungiya ta fito da sabon tsari. Da shekara ta zagayo aka share filaye da yawa, kowane ɗan wasa da nasa, da ƙofofinsa, da turkensa, da kofinsa. Ɓauna ya ce ba a taɓa gasa mai tsafta kamarta ba, kowa ya zo na ɗaya.

'Yan kallo ne kawai ba a gani ba. An ce a ranar duk sun tafi bayan ramin Tunku, wai gaida wata tsohuwa da ta zo ganin ɗanta.