Rasuwar Ɗan Lanƙwasa, Mai Gyaran Hanyar Tsuntsaye

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wuyan hannu mai zogi, Goggo ta sashen zanen motsi tana sanar da abokan aiki rasuwar Ɗan Lanƙwasa, ƙaramin shirin kwamfutar nan da ta rubuta da hannunta shekara goma sha tara da suka wuce. Ya cika ranar Litinin da hantsi, yana da layi ɗari biyu da sha ɗaya.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba: in aka zana hanyar da tsuntsu zai bi a fim, kowane ɗigo a kan layin yana da ƙaho biyu, da ake ja da linzamin kwamfuta har kwanar ta yi laushi. A ja su ba daidai ba, tsuntsu ya juya kamar an mare shi. Marigayin yakan daidaita ƙaho dubu kafin Goggo ta gyara zaman tabaranta, ya ce "ƙit", ya yi shiru. Bai taɓa neman a yaba masa ba.

Ba tsufa ne ya kashe shi ba, duk da abin da ake faɗa a baranda. Manaja ne ya sabunta babbar manhaja a ƙarshen mako, don ya jiyo a wani taro cewa duk sabon abu ci gaba ne. Goggo ta yi karatu daidai gwargwado, ba ta ga inda aka tabbatar da wannan ba. Da aka kira marigayin, sai ya yi "ɗin", ya fitar da jan rubutu layi uku, shi ke nan. Aka so komawa tsohuwar manhajar, aka tarar an riga an adana duk fim ɗin da ake aiki a kansa a sabuwar, tsohuwar kuma ta ce ba ta san shi ba.

An roƙi Goggo ta tashe shi. Ta buɗe cikinsa, ta ga ba ta bar bayani ko na layi ɗaya ba, domin a lokacin tana ganin ita ba mai mantuwa ba ce. Wannan laifin nata ne, ta karɓa.

Ya rasu ya bar tsuntsaye dubu uku masu karo da iska, da masu zane shida da ba su taɓa jan ƙaho da hannu ba, da ita Goggo, wadda za ta yi ritaya ƙarshen watan nan, har ta kai kofinta da hoton jikokinta gida. Manaja ya kira ta Mama, ya ce ta daure har fim ya fita. Na baya shekara huɗu ya ɗauka.

Za a kai shi makwancinsa ranar Alhamis, a faifan da ke aljihun teburinta, ba za a goge shi ba. Babu zaman makoki a gida, don mai makokin ba ta can. Masu ta'aziyya su same ta a ɗakin nan mara taga, bayan na'urar buga takardu. Kowa ya zo da linzaminsa, za a ba shi tsuntsu goma ya gyara kafin ya tafi. Sauran na Goggo ne.