Butar Gwani da Hannun Hagun Inna

Bismillahi. Malamin da ya koya wa ɗana lissafi a sakandare, shi ya fara gaya mini akwai wani karatu wai shi zanen kayan masana'antu. Har gida ya zo, ya ce, "Maman Gwani, ku bar yaron nan ya karanta zane a jami'a." Ni ban yi boko ba, wannan ma ƙanwata ce ke rubutawa ina faɗa. Da na ji zane sai na ɗauka na ɗaurawa ne. Na ce, Malam, in ɗinki ne ga tela a bakin layi, sai an kai shi jami'a? Ya yi dariya har da share ido. Ya ɗaga cokalin da ke cikin kofinsa ya ce, "Wannan, kafin inji ya buga shi, sai da wani ya zauna ya yi tunanin tsawonsa da zurfinsa da yadda zai zauna a hannu. Haka kujera, haka fanka, haka murfin kwalba." Na ce ikon Allah, ashe cokali ma da malaminsa.

Ni na gane. Mahaifiyata, Inna, ita ma ta gane sarai, sai dai ta ƙi sakin maganar, don tsakaninta da jikan nan nata ba a gaisawa sai da tsiya. Ita ta sa masa Gwani, ranar da ya kwance mata rediyo yana ɗan shekara bakwai, ya mayar, kusoshi huɗu suka rage a hannunsa. Rediyon bai ƙara cewa uffan ba.

To yana aji uku a jami'a malamarsu ta ba su aiki. Kowa ya ƙera abin da zai sauƙaƙa wa mai rauni wani aiki na kullum, ya gwada da mutum na gaske, ya ɗauka a waya, ya kai ranar Litinin. Wanda bai gwada ba sai ya maimaita darasin baɗi. Shi kuma buta ya yi, kuma na san dalili. Ciwon gaɓoɓi ya kama wa Inna yatsu, wata uku ke nan ni nake zuba mata ruwan alwala. Ba ta so a faɗa. In wani ya shigo sai ta tura hannun hagu cikin gefen zanenta, don shi ya fi karkacewa.

Ranar Asabar, gab da la'asar, muna zaune a ɗakinta sai ga shi da jaka a kafaɗa.

"Salamu alaikum! Ina amaryar gidan nan, ko ta gaji da jirana ta bi wani?"

"Wa alaikumus salam. Wa nake ji kamar mijin nan nawa da ya tafi neman zane shekara uku, ko ƙyalle bai aiko ba?"

"Ni ne, ranki ya daɗe. Ya ƙafa, ya baya, ya haƙori ɗayan nan da ya rage?"

"Yana nan, kai yake jira. Ina zanena?"

"Inna, sau nawa zan gaya miki namu zanen na fensir ne?"

"Zane uku na sani. Na ɗaurawa, na fensir, da na bulala. Na farko ka hana ni, na biyu ba ya maganin sanyi, na ukun kuwa matso kusa in ba ka kyauta."

Ya gaishe ni, ya durƙusa a gabanta ya zuge jaka. Ya fito da wata aba fara, gajera, mai faɗin ciki da dogon baki. Mariƙinta ƙato ne, an yi masa gurbin yatsu huɗu da wani ɗan tudu na ɗora babban yatsa.

"Wannan agwagwar fa?"

"Buta ce."

"Allah sarki. Mota ce ta taka ta?"

"Ke dai ba ki san kaya ba. Sau goma sha shida na yi ta da kwali kafin in kai ga wannan. Sannan na zana a kwamfuta, wani inji ya yi ta tofa roba zare-zare, awa tara, har ta tashi. Ɗaga ki ji, ba ta kai nauyin gulmarki ta safe ba."

"Awa tara inji yana tofi, abin da aka samu ke nan? Ni a awa tara na haifi uwarka."

"Hannu arba'in na auna, Inna. Amma gurbin yatsun nan naki ne, ke kaɗai a duniya."

"Nawa? Yaushe na ba ka hannuna?"

"Ran nan da na miƙa miki curin yumɓu na ce riƙe mini in ɗaura takalmi."

"La ilaha! Ashe sata ka yi!"

"Bincike ake cewa."

"A makarantarku. Mu nan ɓarawo muke cewa."

Sai ya faɗa mata abin da ya kawo shi, cewa ta yi alwala da ita ya ɗauka a waya, in ba haka ba shekararsa ta tafi. Na ga fuskar Inna ta canza. Ta ƙara tura hannun nan cikin zane.

"Hannuna lafiyarsa ƙalau. Je ka nemi tsohuwa."

"Na zagaye unguwa. Duk tsohuwar da na samu sai ta ce ke kika goye ta."

"Ɗan banza mai wuya kamar na butarsa."

"Na ji. Amma ki sani, in na maimaita aji, zanen naki ya ƙara shekara."

"Dama ai na cire rai."

Ana haka aka kira sallah. Na miƙe zan ɗauko tsohuwar butarta yadda na saba, sai na ga idon yaron nan a kaina. Na tsaya. Inna ta dube ni.

"Ke ma kin shiga jam'iyyarsa?"

Na ce, "Inna, ni ruwa ne aikina. Duk butar da kika nuna, a ciki zan zuba."

Gwani ya bugi ƙirji. "Mu yi sharaɗi. In butar nan ba ta yi ba, ki zane ni a gaban Mama, ba zan gudu ba. In ta yi, ki faɗa da bakinki cewa mijinki gwani ne na gaske."

Nan idon Inna ya kawo haske. "Ɗauko mini maficin can mai sanda. Ajiye shi kusa."

Muka fita ƙofar banɗaki inda 'yar kujerarta take. Na zuba ruwa mai ɗumi. Ta sa hannun dama ta kama mariƙin, yatsun nan suka faɗa gurbinsu ɗaya bayan ɗaya kamar an kira su da suna. Ta ɗaga butar cak. Wallahi sai murna ta kama ni, wata uku ban ga ta ɗaga abu mai ruwa ba.

"Mama ki shaida! Amarya, faɗi maganar, waya na ɗauka!"

Inna ta yi bisimilla, sai kuma ta tsaya. Ta dubi butar, ta dube shi.

"Maigida."

"Na'am, ranki ya daɗe."

"In za a yi alwala, wane hannu ake fara wankewa?"

"Dama mana."

"Da wanne ake ɗiban ruwan kurkure baki?"

"Dama."

"Na shaƙa hanci fa? Na fuska fa?"

"Dama ne..."

"To ga damar nan riƙe da agwagwarka. Ko a jami'a an gaya muku ina da dama biyu?"

Ta miƙa masa butar ta ce ya riƙe da hagu. Ya riƙe. Gurbin yatsun duk suka juya masa baya, tudun nan ya tokare masa ƙaramin yatsa, babban ya rasa wurin zama. Da ya karkata ta, ruwan ya zubo masa a wando.

"Kai da wane hannu kake riƙe buta a makarantar taku?"

"Mu ai famfo muke..."

"Famfo! Ku zo ku ji! Mai ƙera buta bai san hannun buta ba!"

"Ai ke kika ba ni dama ranar yumɓun!"

"Ka taɓa ganin mai tarbiyya ta karɓi abu da hagu? Ka miƙo, na karɓa. Tambayata ka yi? Hannu arba'in ɗin nan naka, duk miƙa musu ka yi?"

"Duk."

"Duk dama ke nan."

"Duk dama."

"Malamar taku me ta ce da ta gani?"

"Ta juya ta, ta juya ta, ta ce in je in gwada."

"Allah ya yi wa wannan baiwar Allah albarka. Ita ta san wanda take koyarwa."

Ni dai na zaci yaron nan zai karaya. Ina! Sai ma ya ƙyalƙyale da dariya, yana matse wando.

"Inna, karatun ke nan! Da kamfani ya buga dubu goma fa kafin a gano? Yau kin ceci tsofaffi dubu goma."

"Ji shi. Ya faɗi ƙasa yana cewa tabarma ya zo dubawa."

"Cikin butar daidai yake, bakinta daidai yake, nauyinta kin gani da idonki. Mariƙi ne kawai, kusa biyu ke riƙe da shi. Ɗakin aikinmu na buɗe gobe." Ya zura hannu a jaka ya fito da sabon curin yumɓu cikin leda. "Wannan karon ba sata. Roƙo nake. Ki ba ni hagu."

Inna ta kawar da kai tana kallon bango. Ni ma na sunkuyar da kai ina salati a zuci, don na san abin da ya roƙa ya fi ƙarfin wasa.

"Ba abin kallo ba ne," in ji ta, a hankali.

"Haba amarya. Hannun nan ai tsohon abokina ne. Shi ke riƙe kunnena in dama tana aiki."

Dariya ta ƙwace mata ba ta shirya ba. Ta zaro hannun daga cikin zane. Yatsu biyu sun kwanta gefe, gaɓoɓin sun kumbura.

"Ka gani? Karkatattu ne."

"Sai mu karkata butar. Mu ba hannu muke gyarawa ba, abu muke gyara wa hannu."

Ta ɗora shi a kan yumɓun ta matsa iya ƙarfinta, yana tallafe da shi ta ƙasa. Ta ce ya ɗauka a wayar, amma hannu kawai, fuskarta ba ta malamarsu ba ce. Kuma da bakinta ta yi wa wayar bayanin kuskuren tun daga farko, ta ƙara da cewa a riƙa sa shi yana alwala da buta. Sannan ta ɗauki mafici ta ɗana masa sau ɗaya a ƙeya.

"Ga zanenka. Ni ina cika alkawari."

Alwalar la'asar ta ranar ni na zuba mata, kamar kullum.

Washegari kafin magariba ya dawo, yatsunsa duk gam. Mariƙin ya canza. Babu gurbin yatsu, ya yi shi kamar baka mai faɗi, hannu ya shige gaba ɗaya nauyin ya kwanta a bayan tafi, ko dama ko hagu. Inna ta zura hagu, ta karkata, ruwa ya sauko siriri a tafin damanta. Ta wanke hannu, ta kurkure baki, ta wanke fuska, ta sauya hannu, ta sauko har ƙafa. Ina tsaye da tawul ban yi komai ba. Abin da ya zubo mini a fuska ba ruwan buta ba ne. Alhamdu lillahi.

Da ta idar da sallah ya matso. "To amarya, ina jira."

"Me kake jira?"

"Maganar."

"Agwagwar dai har yanzu mummuna ce."

"Inna!"

"To na ji. Ka ci sunanka." Ta dube ni ta ce in jawo mata akwatin ƙarƙashin gado. Ta buɗe, ta fito da wani abu naɗe a tsohon ɗankwali ta miƙa masa. Rediyon nan ne, da kusoshinsa huɗu ɗaure a leda. "Tunda ka zama gwani na gaske, ga aikinka na farko. Shekara goma sha huɗu yana jiranka."

Ya rungume rediyon yana dariya har ya zauna a ƙasa.

Ranar Litinin malamarsu ta nuna wa ajin hoton gwajin duka biyu, na kuskuren da na gyaran, ya haye. Yanzu yana ajin ƙarshe, murfin kwalbar magani yake yi wanda tsoho zai iya buɗewa amma yaro ba zai iya ba. Duk wanda zai auna wa hannu sai ya ce masa, kawo duka biyun. Inna na alwalarta ita kaɗai sau biyar a rana. Rediyon yana kan teburinsa, har yau bai yi magana ba, kuma duk zuwan da zai yi sai ta tambaye shi zanenta.