Yadda Za Ka Tarbi Ɗanka Mai Yawon Keke Ba Tare Da An Gane Ka Damu Ba

Kai uba, matso kusa. Ɗanka ya ɗaure jakunkuna a bayan keke ya ce zai zaga ƙasa shi kaɗai. Kai kuma ka tsaya a ƙofar gida, gaban maƙwabta, ka ce, "Tafi, in na tambayi labarinka a canza mini suna." Yanzu ga shi an ce saura ƙiris ya iso, kana ɗokin ganinsa, bakinka kuma ya riga ya ɗaure ka. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin za ka ga ɗanka kafin kowa, girmanka kuma ba ko ƙwarzane. Da idona na gan su wurin maƙwabcina Tela, wanda autansa ya yi wannan aika-aika, kuma har yau sunansa Tela.

Mataki na 1: Kada ka tambaya, ka sa a gaya maka

Yaro uwarsa yake kira a waya. Kai dai ka riƙa samun abin nema a ɗakinta daidai lokacin. Tun da Auta ya tafi Tela yake neman almakashi ɗaya a ɗakin matarsa, almakashin kuwa yana aljihunsa.

"Malam, ga shi a waya, ko sannu ka ce masa mana."

"Ni almakashi nake nema."

"To, ya ce gobe da hantsi zai shigo ta hanyar gada."

"Wa ya tambaye ki?" Ya ɗaga matashi ya leƙa, ya mayar. "Tsohuwar gadar ko sabuwar?"

Mataki na 2: Tanadi hujja

Ba tarba za ka je ba, aiki za ka. Tela ya rataya tef ɗin awo a wuya, ya ce wani mai ɗinki a bayan gari yana jiran a auna shi. Masu hankali sun ce ba a yi wa mai tef a wuya tambaya, domin kowa yana tsoron a ce ya miƙo hannu.

Mataki na 3: Ari keke

Kada ka shiga mota. Mota ta 'yan tarba ce, direba kuma bakinsa ba marfi. Tela ya je wurin mai faci na bakin layi ya ari wani tsohon keke.

"Baba Tela, yaushe rabonka da hawa keke?"

"Ni da nake wuni a kai? Ƙafar nan tun kana goye take taka feda."

Gaskiyarsa. Sai dai ka riƙe wannan a ranka: keken ɗinki ba ya hawa tudu, ba ya gamuwa da akuya, kuma duk gudun da ka yi a kansa kana nan cikin shago, inuwa a kanka.

Mataki na 4: Ɓad da kama

Sa baƙin tabarau, kifa hular kwano ta masu babur. Tela ya yi haka, ya duba madubin shago, shi kansa sai da ya yi wa kansa sallama. Tef ɗin kuwa yana nan yana reto a wuyansa. Duk wanda ya wuce sai ya ce, "Tela, an fita?" Kada ka amsa. Wanda bai amsa ba, ba shi ba ne.

Mataki na 5: In ka faɗi, ka faɗi da dalili

Bayan gada akwai tudu. A tsakiyarsa sarƙar keken ta zame, Tela da keken suka kwanta gefen hanya cikin girma da arziki. Wata motar kaya ta rage gudu. Nan take ya zare tef ya fara auna gindin bishiyar da ke wurin, yana gyaɗa kai. Motar ta wuce. Mutumin da ke auna bishiya ba faɗuwa ya yi ba, yana kan aiki ne.

Mataki na 6: Amayar wa baƙo da cikinka

Damuwa in ta taru dole a zubar, to ka zubar wa wanda bai san ka ba. Can sai ga wani ya gangaro a keke, jakunkuna gaba da baya, siriri kamar sandar labule, rana ta dafa shi ya yi baƙi, gemu buzu-buzu yana leƙowa ƙarƙashin ƙyallen da ya rufe hanci da shi. Ya jingine kekensa, ya tsuguna ya kama gyaran sarƙar Tela.

"Allah ya yi maka albarka, samari. Ba ka wuto wani yaro a baya ba? Mai kumatu haka, fes da shi, ba gemu."

Baƙon ya girgiza kai.

"Ɗana ne. Na ce ban damu ba, amma wallahi tun da ya tafi ɗinkina ya rikice. Na sa wa wani aljihu a gadon baya. Na yi wa wata riga hannu uku, sai da na ce sabon yayi ne. Babbar mota in ta yi ƙara a titi, allura nake soka wa kaina. In kun haɗu, don Allah kada ka gaya masa."

Kafaɗun baƙon suka fara rawa. Tela ya dafa shi ya ce, "Haba, kada ka yi kuka. Kai ma da naka uban, na sani."

Mataki na 7: Dubi ɗinki kafin ka buɗe baki

Da na sani, da wannan matakin na sa kafin na shida. Baƙon ya ƙara sunkuyawa, idon Tela ya faɗa kan mazaunin wandonsa. An ninka yadi biyu a wurin, an bi shi da layi uku na shuɗin zare, kuma kowane taƙi zaren ya yi ɗan tsalle. Keken ɗinki ɗaya ne a duniya yake wannan tsallen. Ana gobe Auta zai tafi Tela ya saci wandon daga igiyar shanya ya yi masa wannan ƙarin, saboda sirdi.

"Samari. Wa ya yi maka ɗinkin nan?"

Baƙon ya sauke ƙyallen. "Wani tela ne da bai damu da ni ba, Baba."

A nan ake gane namiji. Kada ka amsa laifi. Tela ya miƙe, ya gyara tabarau, ya ce, "Ni awo na fito yi. Ɗaga hannuwanka." Ya zagaya tef a ƙugun yaron. Tef ɗin ya haɗu tun da wuri, har da saura mai yawa, amma hannuwan Tela suka ƙi dawowa. Suka daɗe a haka, hular kwano tana dungurin ƙirjin Auta.

"Baba, nawa ka samu?"

"Yi shiru, tef ne ya maƙale."

Mataki na 8: Shiga gari da kai a sama

Ƙafar Tela ta ƙi feda. Auta ya ɗora shi kan kariya bisa jakunkuna, ya janyo keken aro da hannu ɗaya.

"Baba, duk ƙasar nan ni kaɗai na zaga ta, sai a ƙofar gida ka lalata mini tarihi."

"Taka dai, kuma ka kula da ramin can."

Maƙwabta sun cika bakin layi. Tela ya ɗaga musu hannu daga sama ya ce, "Mai ɗinki ne ya rage mini hanya." Matarsa ta gama rungumar ɗanta, ta share ido, ta dubi mijinta.

"Sannu da aiki, Malam. Ka samo almakashin?"

"Na samo," in ji Tela. "Ya ɗan rame, amma shi ne."

Gargaɗi

Wanda ya bi matakan nan ya gurɗe, ko akuya ta kayar da shi, ko maƙwabta suka canza masa suna, shi ya jiyo, babu ruwana. Ban ara wa kowa keke ba, ban aiki kowa bayan gada ba. Kada kuma a zo gidana neman ƙarin bayani kwanakin nan. Babban ɗana ya fara zuba wa kekensa mai yana kallon hanya, ni kuma ina neman inda zan ɓoye famfon ba taya iska.