Gurbi Biyu da Akwatin Kaka

Shekara arba'in Kaka ya yi yana sanar da duniya cewa bai taɓa yanka katako ya kuskure ba. Shaidar hakan tana nan a ɗakin ajiyarsa: teburi mai ƙafa huɗu, uku suna taɓa ƙasa, ta huɗun tana hutawa a kan tsohon ƙamus.

A ƙarƙashin teburin akwatin kayan aikinsa yake, kuma shi jikarsa take so. Ita tela ce, ta gaji da jiran kafintoci su zo su kafa mata rumfa a ƙofar shago. Kaka kuwa ya riga ya ce ɗan kawunta zai bar wa, wani da bai san kan guduma da ƙotarta ba. Ranar Asabar da hantsi ta shigo da ginshiƙan katako biyu da wani dogo da zai gitta a kansu.

"...lafiya lau, Mai Allura. Gadon aurenmu ne kika fara kawowa guntu-guntu?"

"Wane aure, tsoho? Ni na fasa. Mijin da sai an yi masa ɗaya, biyu, uku kafin ya tashi daga kujera?"

"Ki fasa mana. Layi ake yi a kaina."

"Na gan su. Masu tallan maganin ciwon baya ne."

Ta jingina katakan da bango. "Ga ginshiƙi biyu. Ka yanka gurbi a ɗaya, in yanka a ɗaya. Wanda dogon nan ya zauna a nasa daram, ba ƙusa, akwatin nasa ne."

"In na ci fa?"

"In ɗinka maka riga, kuma in daina faɗa wa mutane shekarunka na gaskiya."

Kaka ya jawo akwatin ya buɗe. Zarto, guduma da cizal, kowanne da ɗigon jan fenti a ƙota, sai ƙyalli suke. Ta kawar da kai kamar ba su dame ta ba. Shi kuwa ya ɗauki zarto ya ɗora a kan ginshiƙinsa.

"Ba za ka auna ba?"

"Awo na masu shakka ne. Ni idona ma'auni ne."

"Idon da ya yi wa firji sannu da zuwa shekaranjiya?"

"Tsaye yake a bakin ƙofa cikin fararen kaya. Ladabi na yi."

Ya ja zarto sau biyu a inda ransa ya ba shi, ya kafa cizal, ya sauke guduma da ƙarfin da ya tara tun ritaya. Ɓangaren da ya nufa ya fita. Wani da bai nufa ba ya raka shi.

Ita kuwa ta ciro tef daga wuyanta da allin ɗinki daga aljihu. Ta ɗora dogon katakon a kan ginshiƙinta, ta ja layi ta kowane gefe, ta auna zurfi. Ta yanka daga cikin layin, sannan ta jera ƙananan yanka kusa da juna kamar haƙoran mataji.

"Yanka kike yi ko kitso kike wa katakon?"

"Duk wadda ta taɓa ɓata yadin mutane ta san ba a wuce layi."

"Kafin ki gama, bishiyar ta sake tsirowa."

Ta ɗan taɓa cizal, guntayen suka zubo ɗaya bayan ɗaya. Ta share ƙasan gurbin, ta hure.

Aka fara gwada na Kaka. Dogon katakon ya shiga gurbin, ya yi rawa, ya kwanta gefe.

"Iska na bar masa," in ji shi. "Katako yana numfashi."

"Wannan ai ɗaki da falo ne. Kyanwa ma za ta haihu a ciki. Kuma ciro kwalin da ka cusa, ina kallonka."

"Wane kwali? A jikin itacen yake."

"Har da hoton sabulu?"

Aka zo nata. Ta danna da tafin hannu, katakon ya ce ƙwas, ya zauna. Ta ɗaga dogon, ginshiƙin ya biyo shi. Ta girgiza, ko motsi.

Kaka ya yi dariya har tari ya kama shi. Ya tura mata akwatin da ƙafa. "Ɗauki. Na sake ki, tafi da kayanki."

"Na gode, tsohon mijina. Ka gaishe min da firji."

Ta ɗora akwatin a ka, a buɗe, ta ratsa tsakar gida a hankali don kowa ya gani. A ƙofa ta ci karo da maƙwabcinsu, tsohon makaniki. Ya leƙa ciki, ya ga jan fentin, ya yi hamdala. Ya zare zarto da guduma da cizal, ya ce shekara goma sha ɗaya ke nan da Kaka ya are su na kwana biyu.

Abin da ta kai shago a cikin akwatin shi ne guntun fensir da lanƙwasassun ƙusoshi tara.