Safar Baƙuwa

"...lafiya lau. Ya aiki, ya ciniki, ya gwiwar taki?"

"Gwiwata tana gaishe ka. Tsaya nan bakin ƙofa ka karkaɗe takalmin nan, kada ka kwaso min dattin titi."

Kaka ba ta ɗago daga kan keken ɗinki ba. Tun da ta ji tsayuwar tasin jikanta a ƙofar shago ta miƙa ƙafa ta tura kwandon ƙyallaye can ƙarƙashin tebur, ta saki gefen yadin da take ɗinkawa ya rufe shi. A cikin kwandon nan Baƙuwa ke kwance, tsohuwar kyanwar da ta ɗauko bayan rasuwar ƙawarta mai kitso, ranar da magada suka kwashe kayan ɗaki kaf suka bar dabbar tana kuka a kan taga. Kwana biyun nan Baƙuwa ba ta taka ƙafarta ta gaba. Ita kuwa 'yar Kaka, mahaifiyar wannan dogon da ke karkaɗe takalmi, ta riga ta yanke hukunci tun lokacin da kyanwar ta yage leshin wata mai kawo ɗinki: in ta sake ɓarna, ko ta kwanta ciwo ta zame wa tsohuwa wahala, a mota za a sa ta a kai ta inda ba za ta gane hanyar dawowa ba. Motar da za a sa ta kuwa ita ce tsaye a ƙofa.

Dogo ya shigo yana sunkuyar da kai, ya ja kujerarsa ya zauna. 'Yar guntuwar kujera ce ta katako da aka lulluɓe da tsohon kafet, tun yana ɗan makaranta a kanta yake zama, kuma ba ya yarda kowa ya hau.

"Haba uwargida, miji ya dawo daga nema, ko ruwa babu?"

"Wane miji? Mijin da ko allura bai taɓa sayo min ba? Ni na sallame ka tun kana rarrafe, kai ne ba ka da zuciya."

"Ai ban karɓi sallamar ba. In na tafi wa zai kwashe ki? Haƙori ɗaya ya rage, shi ma yana neman ritaya."

"Haƙorin nan ya tauna abin da kai ko a hoto ba ka taɓa gani ba. Me ya kawo ka?"

"Ga zaren da kika ce Mama ta aiko miki. Ta kuma ce in duba mata lafiyar 'yar hayarki."

"Ka ce mata tana nan garau, har ta fi ta ƙiba."

Kaka ta ƙara wa keke gudu. Ta gefen ido ta ga yana duban kwanon abincin kyanwar da ke cike tun safe. Yaron nan haka yake tun yana ƙarami, ba ya gardama da sauri, sai ya bari ka gama zuba sannan ya ɗauko abin da ka manta.

"Ina ta shiga? Kullum kafin in zauna ta haye cinyata."

"Ta tafi unguwa."

"Kyanwar da ko dokin ƙofa ba ta tsallakewa?"

"Ƙarar gwangwanin motarka ta ji, ta ɗauka injin niƙa ne ya ɓalle, ta gudu."

"To, Allah ya dawo da ita lafiya. Sai dai ta yi mantuwa. Ga wutsiyarta nan ta bari a ƙarƙashin tebur."

Kafin Kaka ta tare da ƙafa ya riga ya jawo kwandon. Baƙuwa ta ɗago kai ta dube shi, ba ta tashi ba. Dogo ya sunkuya ya duba da kyau. Kowace ƙafa ta kyanwar sanye take da 'yar safa ta ragowar atamfa, an ninka bakinta an sa roba, har da ɗan ado na zare ja a gefe.

"Kaka, mene ne wannan? Biki za ta je?"

"Safa ce, ko ba ka taɓa ganin safa ba? Da yake taka duk yatsu sun leƙo."

"Kyanwa da safa. Saura gilashi da jaka ta fara zuwa ofis."

"Yi dariyarka. Tun ranar da ta yage leshin nan na ɗinka mata, kuma daga ranar ko zare ɗaya ba ta sake ja a shagon nan ba. Mamanka ta ce kada ta sake ɓarna, to ba ta sake ba. Ina laifina?"

"Tun ranar leshi? Kaka, ai an daɗe. Ba kya cire mata?"

"Ina cirewa in wanke in mayar, ni ba ƙazama ba ce irinka. Faratan ma sun yi ladabi, sun daina fitowa, sun lanƙwashe sun koma ciki abinsu. Tarbiyya ke nan. Kai da na sa maka safa a baki tun kana yaro da yanzu ka zama mutum."

Dogo bai yi dariya ba wannan karon. Ya kai yatsa a hankali ya taɓa ƙafar da kyanwar ta naɗe a ƙirji. Baƙuwa ta yi gurnani ta janye.

"Wannan fa, yaushe rabon da ki cire?"

Kaka ta gyara ɗaurin ɗankwali. "Ba ta so a taɓa. Ra'ayinta ne. Kowa da ƙafar da ba ya so a taɓa masa."

"Ba ni almakashi."

"Ba mai sa almakashi a ɗinkina sai ni. Kai da hannunka bai san komai ba sai sitiyari da cokali. Riƙe min ita, kuma in ka matse ta sai na aske maka wannan gemun da ya ƙi cika."

Ta sa tabarau, ta durƙusa da ƙyar, ta bi ɗinkin da bakin almakashi tana tsinka zaren ɗaya bayan ɗaya har safar ta buɗe. Wari ne ya fara isowa. Farce ɗaya ya yi kauri, ya lanƙwashe kamar lauje, ya zagayo ya nutse cikin tsokar tafin ƙafar. Wurin ya kumbura ya yi ja, ruwa-ruwa na fita a gefen. Kaka ta tsaya da almakashi a hannu. Ashe duk takun da baiwar Allahn nan ta yi a kan ƙaya take yi, ita kuwa tana yaba mata ladabi. Ta tuna yadda ƙawarta mai kitso take ɗora kyanwar a cinya tana murza mata tafin ƙafa in ba kowa a shago. Ta kawar da kai. Ba za ta yi kuka a gaban wannan dogon ba.

"Ɗan abu ne," ta ce. "Miƙo min filaya in zare shi. In shafa mata man zafin gwiwata, in ɓantara mata rabin ƙwayar da nake sha, gobe ka same ta a kan tebur."

"Man da ya kasa gwiwa ɗaya tun ina firamare, shi zai warkar da kyanwa?"

"Gwiwar ai ɗaukarka ce ta lalata ta. An haife ka kamar buhun siminti."

"Na ji, na ɗauki laifin gwiwa. Amma wannan ni ban san kansa ba, ke ma ba ki sani ba. Akwai likitar dabbobi a bayan tashar da nake lodi. Tashi mu je."

"Ba inda za ta. Daga likita sai labari ya kai kunnen mamanka, daga nan sai bayan gari. Na san tsarin. Kai ne direban, har ka zo da motar."

"Kaka..."

"Mai ita ta mutu ta bar ta, dangi sun tsallake ta kamar tsumma. Ni na ɗauko ta, a hannuna za ta ƙarasa. In ka isa ka fitar da ita daga shagon nan, sai dai ka haɗa da ni da keken."

Sai wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya juyo mata da fuskar wayar ta gani. 'Yarta ce. Kaka ta ɗaga almakashi ta nuna shi da shi, tana girgiza kai. Ya amsa.

"Na'am, Mama. Na kawo mata. Kyanwar? Ƙafarta ce ke ciwo."

Kaka ta ajiye almakashin. Ta jawo kwandon jikinta ta rungume.

"A'a, saurara mana. Ai Kaka ce da kanta ta buɗe wurin ta gano. Yanzu haka ta tsare ni, ta ce ba zan ɗauki fasinja ko ɗaya ba sai na kai su wurin likita. Ga ta nan tana neman mayafi." Ya saurara, yana kallon rufi. "To. To, zan gaya mata."

Ya kashe. "Ta ce in likita ta ce abin mai warkewa ne, a bar miki kayarki."

"Maƙaryacin banza. Yaushe na nemi mayafi?"

"Yanzu za ki nema, sai maganata ta zama gaskiya. Ko in kira ta in ce uwargida ta fi son filaya?"

Kaka ta dube shi tun daga gemu har takalmi. Ta miƙe tana dafa tebur.

"Ba don kai zan je ba. Dama ina da niyya. Kuma gaba zan zauna, kuma in ka faɗa rami ɗaya da mu sai na sauka na hau motar kirki."

Likitar yarinya ce, ba za ta girmi Dogo ba. Ta so ma'aikacinta ya riƙe kyanwar, Kaka ta ce ba ta san zancen ba, ta naɗe Baƙuwa a mayafinta ta riƙe da kanta. Aka yi wa wurin allurar kashe zafi, aka datse farcen, aka zaro guntun da ya nutse, aka wanke ramin aka naɗe. Da likita ta zo rage sauran faratan sai ta ci karo da safa a ragowar ƙafafun. Ta cire ɗaya ta juya ta a hannu.

"Wa ya yi wannan aikin?"

"Wannan dogon," in ji Kaka.

"Ni da ko maɓalli ban iya sawa ba?"

"Shi ya ba da shawara."

Likita ta danne dariya. "Kaka, ɗinkin ya yi kyau, amma kada a sake. Kyanwa sai tana karta abu farcenta ke zubar da tsohon ɓawo ya rage tsawo. In aka rufe shi, ga kuma tsufa, sai ya yi ta girma yana lanƙwasa har ya shige nama. A samar mata abin da za ta riƙa karta, a kuma riƙa duba tafin kowace ƙafa. Ba ku dai ba ta maganin mutane ba ko?"

Dogo ya buɗe baki. Kaka ta taka masa ƙafa.

"Wa zai yi wannan haukan?" ta ce.

"Madalla, don ƙwayar ciwon jiki ta mutane kashe kyanwa take yi."

Kaka ta ƙara matse mayafin. Sannan ta yi tambayar da ta kawo ta, muryarta ƙasa-ƙasa. "'Yata, za ta taka?"

"Za ta taka, har ta hau miki tebur. A dai ba ta maganin nan, a dawo da ita in duba."

"Kai, kira mamanka. Likita, maimaita mata a waya, da ƙarfi, kunnenta ba ya jin abin da ba ta so."

Da suka koma shago Kaka ta shimfiɗa wa Baƙuwa sabon ƙyalle a kwando, a fili wannan karon, kusa da ƙafar keke. Dogo ya ja kujerarsa zai zauna.

"Tashi."

"Me kuma na yi?"

"Ba ka ji likita ba? A samar mata abin karta. Duk shagon nan ba abin da ya dace sai kafet ɗin kujerar nan. Daga yau ta Baƙuwa ce."

"Kujerata? Ni da na kai ku na dawo da ku, ko ramin kirki ban faɗa ba? To ni ina zan zauna?"

"Ga ƙasa nan, ba ta taɓa korar kowa ba."

"Wato an fifita 'yar haya a kan maigida."

"Ita ta yi ciwo ba ta yi min surutu ba. Kai fa?"

Ya zauna a ƙasan, ya miƙe dogayen ƙafafunsa har bakin ƙofa, yana ƙunƙuni. Kaka ta zaro ragowar safar daga jakarta ta jera su a cinya. Ta ɗan jima tana dubansu. Sai ta zura zare a allura ta haɗa su wuri ɗaya, ta yi musu maɗauki, ta jefa masa a ƙirji.

"Ungo. Rataya a madubin motarka."

"In fasinja suka tambaya fa? Za su ce haihuwa aka yi min."

"Ka ce musu matarka ce ta ɗinka," in ji Kaka, dariya ta ƙwace mata har haƙorin nan ɗaya ya fito. "Ka ce gwanar tela ce, amma ba ta san kyanwa ba."