Kwanon Lado da Baƙin Kallo

Yau ruwan farko ya tarar da ni a ɗakin maƙwabcina Lado, ina tare ɗigo da ƙwarya, matarsa Turai tana jan buhun gero daga wannan kusurwa zuwa waccan. Abin haushin shi ne, kwanan baya babu ɗakin da ya fi wannan rufi a unguwarmu, nan kusa da Doguwa. Shekaru Lado ya yi yana haƙar kuza a Riruwai, bayansa ya sunkuya, kafin ya sa rufin kwano a kan ɗakin.

Sai aka ce baƙi za su zo daga Turai. Ba Turan Lado ba, waccan ta bayan teku. Na tambayi Idi, wanda ya taɓa yi wa Bature kuku, me suka zo saya.

"Ba sa sayen komai, Malam. Kallo suka zo."

"Suna da dangi a nan?"

"Ko ɗaya. Tun da aka gama yaƙin Bama aljihunsu ya cika, ana ba su hutu, ga jirgin sama yana sauke su a Kano. In ɗaya ya koma da hoto, baɗi maƙwabtansa duka sai sun zo."

Na ce ikon Allah. Mu dai mun san tafiyar Hajji, da fatauci, da zumunci. Ashe akwai wanda zai bar gonarsa don ya kalli ta wani.

Ranka ya daɗe Uban Tarbar Baƙi, Allah ya ƙara wa rawaninsa tsawo, ya zo duba gari. Ya tsaya a ƙofar Lado, kwano na ƙyalli, fuskarsa ta ɓaci.

"Wannan fa? Mutanen nan suna da kwano a garinsu. Ciyawa suka zo gani. A sauke, a kai ajiya."

Lado ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, damina ta ƙarato, ga gerona a ciki."

"Kai ka fi mu sanin ci gaba?"

Lado bai fi su sani ba. Muka sauke kwano, muka yi jinka cikin gaggawa da ragowar ciyawar bara. Ban taɓa ganin namiji yana cire ƙusa yana haɗiye hawaye ba sai ranar.

To yau baƙin suka iso, hadari na bin su. Suka tsaya, suka ɗauki hoton jinkar, tafinta ya ce sun yaba mana da riƙon al'ada. Turai ta fito da fura, suka ɗauki hoton ƙwaryar, ba wanda ya sha. Ruwa na saukowa aka kwashe su zuwa sabuwar rumfar da aka gina musu a bakin hanya.

Da ruwa ya tsagaita muka je gaisuwa, a jiƙe. Lado ya ɗaga kai, ya daɗe bai sauke ba. Sannan ya taɓa ni, ya nuna min wani fallen kwano mai lotsawa a rufin rumfar.

"Malam, ka ga inda jakina ya taka, ran da na kawo shi daga Kano."

Baƙi suna ƙarƙashinsa suna shan shayi, ko ɗigo bai taɓa su ba.

Ni dai ba zan zagi manya ba, don sun cika alkawari. Ajiya suka ce, kuma sun ajiye shi a sama, inda ɓarawo ba zai kai ba. Mai shi ma ba zai kai ba.